Ko Kun Sani? Marayun Kurege a Ingila

Ko kun sani cewa a Ingila, tun daga Disamba 2019, shari'a ta haramta wa masu jinyar namun daji su saki kurege mai ruwan toka bayan ya warke, ko da su suka tsince shi yana jariri suka raine shi? Dalili kuwa, wannan kurege baƙo ne da aka kawo daga Amurka ta Arewa a 1876, ya hayayyafa har ya rinjayi jan kurege ɗan asalin ƙasar, ga shi kuma yana ɗauke da wata cuta mai kama da agana wadda ba ta yi masa illa, alhali in ta kama jan, galibi ajalinsa ke nan.

Hukuncin yana da hujja, amma lalle yana da nauyi ga mai tausayi, domin jinyar nan wahala ce ta haƙiƙa. Ana haihuwar ɗan kurege ba gashi, idanu a rufe har mako 4 ko 5. Wajibi ne a ɗumama jikinsa kafin a ba shi kome, sa'an nan a riƙa ɗiga masa madara ta musamman da sirinji, sannu a hankali, kada ta sarƙe shi ta shiga huhu, madarar shanu kuwa ɓata masa ciki take yi. Saboda haka masana suka fi son a fara ajiye shi cikin kwali a gindin itacen da ya faɗo daga kansa, domin sau da yawa uwar takan sauko ta ɗauke shi a baki ta mayar sheƙa.