Zaɓen Tayar Babur: Darasi Daga 'Yan Tsere

Babur ya zama jakin wannan zamani. Shi ke kai manomin Bakura gonar shinkafa. Shi ke ɗauko mara lafiya daga ƙauyukan Maradun zuwa asibiti. Da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da iyalinsa a Talata Mafara. Amma mutane da yawa inji kawai suke kula da shi, su manta da taya. Alhali taya ce kaɗai ke taɓa ƙasa. Wurin da take taɓawa kuwa bai kai faɗin tafin hannu ba. A kan wannan ɗan wuri ran mutum yake.

Waɗanda suka fi sanin darajar taya

A Ingila da wasu ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tseren babur. Ba sana'arsu ba ce. Kowa da aikinsa, sai ranar hutu su haɗu. A fili na musamman suke tsere, ko a titin da hukuma ta rufe. Likita da motar asibiti suna nan kusa. Akwai wani tsibiri mai suna Man, tsakanin Ingila da Ailan, inda ake irin wannan tsere tun 1907. Zagaye ɗaya a can ya kai kilomita 60.

Kafin a fara, sai an binciki kowane babur, har da tayoyinsa. Ɗan tsere kuma yakan dubi sama kafin ya zaɓi taya. In kwalta a bushe take, sai ya sa mai laushin roba wadda ba ta da zane. In ta ɗauki zafi, sai ta kama kwalta gam. Amma ba ta daɗewa. In ruwa ya sauko, sai ya cire ta, ya sa mai zurfin zane. Zanen nan shi ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya, don kada ta yi santsi.

Kada wani ya ce suɗaɗɗiyar tayarsa irin ta 'yan tsere ce. Tasu haka aka ƙera ta. Tasa kuwa cinyewa ta yi.

Kowace hanya da tayarta

Darasin shi ne, hanya ce ke zaɓa wa mutum taya. Wanda yawan tafiyarsa a kan kwaltar Gusau zuwa Sakkwato ne, mai ƙananan zane ta fi masa. Wanda ke shiga gonakin da madatsar ruwan Bakolori ke shayarwa, laka da yashi ne a gabansa. Mai manyan haƙora ta fi dacewa da shi, musamman da damina. Wanda ke bin duka biyun, akwai ta tsaka-tsaki.

Abubuwa huɗu da za a duba kafin a biya kuɗi

Na ɗaya, girma. Akwai lamba a jikin kowace taya, kamar 3.00-17. Ta farko faɗin tayar ne, wato inci 3. Ta biyu girman wilin da za ta hau ne, wato inci 17. A sayi lambar da masu ƙera babur ɗin suka faɗa. Sau da yawa ta gaba da ta baya ba ɗaya ba ne.

Na biyu, shekaru. Taya tana tsufa ko ba a taɓa hawanta ba. A nemi lambobi huɗu a gefenta. In an ga 2322, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2022 ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa.

Na uku, tsagewa. A lanƙwasa gefenta da hannu. In an ga ƙananan tsaga ko kumburi, a bar ta. Wannan ya fi yawa a tayar hannu da aka shigo da ita daga waje. Araha ba ta ado.

Na huɗu, kibiya. Wasu tayoyi suna da alamar kibiya. Tana nuna inda tayar za ta riƙa juyawa. A tabbata mai faci bai ɗaura ta a juye ba.

Bayan an saya

A riƙa auna iska da geji, da safe kafin taya ta yi zafi. Matsawa da yatsa ba awo ba ne. Ƙarancin iska na sa taya ta yi zafi har ta fashe, balle da bazara, ga buhu biyu a baya. Yawan iska kuma na rage kamun ƙasa, birki ya ƙi ci da wuri. Sabuwar taya tana da ɗan santsi, sai a bi ta a hankali kwanakin farko.

Su kuma samarin da ke guje-guje da babur ranar biki ko Salla, su lura. 'Yan tseren can da hular kwano suke, da rigar fata, a titin da aka rufe, kuma duk da haka ana rasa rayuka. Titin gari na kowa ne: akwai yara, da tsofaffi, da dabbobi. Sauri kan haifi nawa. Allah Ya kiyaye hanya.