Zaɓen taurin sifirin gaba da na baya a ƙaramar mota

1. Gabatarwa

Masu sauya sifirin mota galibi suna kwatanta lambar da ke rubuce a jikin kwali, su ɗauki mafi tauri. A wannan takarda muna nuna cewa lambar ita kaɗai ba ta isa ba.

2. Ma'auni

Taurin sifirin (k) shi ne ƙarfin da ke matse shi da milimita ɗaya, bisa ƙa'idar Hooke ta 1678. Abin da fasinja ke ji kuwa shi ne yawan lilon jikin mota a daƙiƙa ɗaya: f = (1/2π)√(k/m), inda m ke nufin nauyin da ke bisa ƙafa guda. A motar fasinja f kan tsaya tsakanin Hz 1 da 1,5.

Ƙafar gaba ke fara hawa tudu, ta baya ta biyo. Don haka Maurice Olley na kamfanin General Motors ya nuna a shekarun 1930 cewa lilon baya ya kamata ya ɗara na gaba, domin baya ya cim ma gaba, mota ta daina sunkuyo da ɗagowa. Yawanci ana barin ratar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari.

3. Misali

Mu ɗauki kilo 300 bisa ƙafar gaba, da Hz 1,3: tauri a ƙafa ya kama N/mm 20. A baya, kilo 220 da Hz 1,5 suna ba da 19,5. Amma idan sifirin baya yana zaune a kan hannun ƙafa, yana matsuwa 0,7 na motsin taya, sai a raba 19,5 da 0,49: sifirin N/mm 40 za a nema, ninki biyu.

4. Lodi da hanya

Idan aka ɗora kilo 150 bisa kowace ƙafar baya, kamar yadda motocin haya ke yi a ƙasarmu, baya zai sauka da milimita 75, lilonsa ya faɗo Hz 1,16, ƙasa da na gaba. Ƙara tauri na maganin wannan, amma da haɗari: baya mai tauri fiye da kima yana sa mota juyewa a kwana in babu kaya, kuma a hanyar burji mai gargada taya kan rabu da ƙasa, birki ya rage kamu.

5. Kammalawa

Muna ba da shawara a auna nauyin kowace ƙafa, da kaya da babu kaya, kafin a sayi sifirin, a kuma haɗa shi da shokazoba daidai taurinsa.