Somin Taɓi a Bakin Bature

In mace tana dafa miya, takan ɗan ɗiba da ludayi ta lasa. Abin da ta lasa kaɗan ne, amma ya isa ya gaya mata yadda dukan tukunyar za ta kasance. Turawan Ingila suna da wata magana mai kama da wannan. Sukan ce, "a taste of things to come." Ma'anar "taste" ɗanɗano, "things to come" kuwa abubuwan da ke tafe. Watau abin da Bahaushe ke kira somin taɓi.

Ana faɗin maganar ne in an ga ƙaramin abu wanda ke nuna babba yana biye da shi. Ga misali. Ran 17 ga Disamba, 1903, a ƙasar Amurka, wasu 'yan'uwa biyu, Wilbur da Orville Wright, suka gwada jirgin sama mai inji. Tashinsa na fari daƙiƙa 12 kaɗai ya yi a sama, ya ci ƙafa 120 ya sauka. Ga shi yau jirgi yana kwasar alhazai daga Kano, ya kai su Jidda cikin sa'o'i kaɗan. Ashe wancan ɗan tashi ɗanɗano ne kawai.

Ba ga alheri kaɗai ake faɗinta ba. Ɗan sanyin da ke fara busowa a watan Nuwamba, shi ma ɗanɗanon hunturun Janairu ne.

Akwai kuskure biyu da 'yan makaranta suka cika yi. Na fari, sukan rubuta "test" maimakon "taste," domin kalmomin sun yi kama a kunne. Amma "test" jarrabawa ce ko gwaji. Harufa huɗu gare ta, "taste" kuwa biyar. Yaron da ya musanya su ya ɓata ma'ana, ya kuma yi hasarar maki. Na biyu, sukan sāke kalmomin, su ce "things that will come." Irin wannan magana kamar karin magana take, ba a rage ta, ba a ƙara mata. Ai ba mai cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Talata ake gane ta. Laraba aka gada, Laraba ake faɗi.

Saboda haka, yaro mai hankali yakan riƙe maganar ɗungum, yadda masu harshen suke faɗinta.