RNase: Sinadarin Da Ke Goge RNA, Da Yadda Ake Samar Da Shi Ba Tare Da Yanka Saniya Ba

Yau za mu ɗan ajiye batun waya da kwamfuta mu leƙa ɗakin gwaje-gwaje, amma kada mai karatu ya tsorata, da misalin kwamfuta za mu shiga.

Idan ka buɗe fayil, ainihinsa yana nan a ma'ajiya, kwafinsa ne ake ɗorawa a RAM a yi aiki da shi, da an gama a share. Haka ƙwayoyin jikinmu ke yi. DNA ita ce ainihin fayil, RNA kuma kwafin aiki. Mai share wannan kwafi shi ne RNase, wani furotin da ke daddatsa RNA.

Matsalar ita ce wannan mai shara bai san inda zai tsaya ba. Yana cikin zufa, yana cikin yawu, yana kan fatar hannu. Ga taurin kai: nau'in da ake kira RNase A ko an tafasa shi ba lallai ya daina aiki ba.

A nan ne abin ya shafe mu. Ƙwayoyin cutar korona da ta Lassa duk RNA gare su, kuma ita gwajin PCR ke nema. A 2020 cibiyar CAMRET ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana cikin wuraren gwajin korona. A ce an ɗauki samfur a Jabo an kai Sakkwato, an tace RNA ɗin, sai RNase ya shiga ta kan yatsa ko ta wani bututu mara tsabta. Zai iya cinye shaidar kafin na'ura ta gan ta, a ce wa mai cuta ba ya da ita, ya koma cikin iyalinsa. Don haka safar hannun da ma'aikata ke sawa ba kansu kawai take karewa ba, har da samfurin.

To, abin da ake gudu haka, me ya sa ake sayensa da kuɗi? Saboda wani lokaci DNA zalla mai bincike ke so, RNA ta zama datti. Sai ya ɗiga RNase A, ya datse RNA ya bar DNA lafiya lau.

A da, daga jikin saniya ake samo shi, daga gaɓar nan da ke samar da insulin. Har wani kamfanin nama na Amurka, Armour, ya taɓa tace kilo 1 ya rarraba wa masana kyauta. Binciken da aka yi kan wannan ƙaramin furotin mai amino asid 124 shi ya kai Anfinsen da Moore da Stein ga kyautar Nobel a 1972.

Sai dai abin da aka tatso daga dabba ba ya rasa gauraye. Yakan zo da DNase, mai cinye DNA ɗin da ake son karewa. Ga kuma fargabar cutar haukan shanu da ta addabi Ingila a shekarun 1990, wadda ta sa masu haɗa magani suka riƙa kaffa-kaffa da kayan jikin shanu.

Mafitar da aka samo ta burge ni, domin kusan aikinmu ne na masu rubuta manhaja. Ana ɗauko umarnin da ke ƙera RNase daga DNA, a dasa shi cikin bakteriyar E. coli ko cikin yis, a kiwata su a tanki, su yi ta ƙera shi, sannan a tace. Kamar ka kwafi lambobin manhaja ka kunna su a wata na'ura. Wannan shi ake kira rikombinant.

Ba duka suke aiki iri ɗaya ba. RNase A yana yanka ne bayan harafin C ko U, RNase T1 bayan G, shi kuwa RNase H ba ya taɓa RNA sai wadda ta manne da DNA. Saboda haka ɗalibin da zai yi oda ya karanta harafin da ke jikin kwalba da kyau kafin ya biya.