Suturar Yara A Gidan Da Ake Bin Bashi

 

Bayan hutun ƙaramar Sallah, wata yarinya mai ƙoƙari a ajina ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba. Da na bi sawu har gida, sai uwarta ta shaida mini cewa ta karɓi atamfa da leshi bashi wurin dillaliya, ta yi wa 'ya'yanta kala uku uku, don kada su kasa na maƙwabta. To, Sallah ta wuce, dillaliya kuwa kullum tana bakin ƙofa, ga kuma bashin mai shago na kayan azumi. Shi ne aka ɗora wa yarinya tallan gyaɗa. Kwalliyar kwana uku ta ci karatun mako biyu.

Uwargida, na san bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo. Amma ki lura, kuɗin haya da na magani ba a hannunki suke ba. Suturar yara kuwa ke ce mai iko da ita, nan ne za ki iya tsimi ba tare da kowa ya kwana da yunwa ba.

Da farko, ki san abin da ake binku. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ki sami littafin rubutu, ke da maigida ku rubuta sunan kowane mai bashi da kuɗinsa da ranar alkawari. Idan ba ki iya rubutu ba, ga 'yarki 'yar makaranta.

Na biyu, kafin ki tafi kasuwa, ki fara cin kasuwar akwatinki. Ki zazzage kayan yara duka a kan tabarma, ki ware waɗanda suka yi wa yaya kaɗan ki ajiye wa ƙane. Zanen da kika daina ɗaurawa, in dai bai koɗe ba, zai yi wa ƙaramar yarinya riga da siket. Tsohuwar shaddar maigida kuma, a yanke inda ta ci, sauran ya yi wa yaro 'yar shara da wando.

Na uku, idan saye ya zama dole, ki saya da lissafi. Turmin atamfa yadi 6 ne, zai wadaci ƙananan 'yan mata biyu ko uku. Ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku sayi turmi a kan farashin sari, kamar a Kantin Kwari ta Kano, ku raba. Kayan Sallah kuma ki saye su tun Rajab ko Sha'aban, domin da azumi ya yi nisa yadi zai ƙara kuɗi, tela ma zai ƙara, ga ɗinkin gaggawa mai saurin warwarewa. Ki gaya wa tela ya bar sarari a kafaɗa da ƙugu, ya yi kalmasa mai faɗi a ƙasa, ya sa roba a wando. Baɗi sai ki warware kalmasar, riga ta ƙara shekara. Jariri kuwa kada ki tara masa kaya masu tsada, cikin 'yan watanni zai fi ƙarfinsu.

Kada kuma ki ji kunyar gwanjo. A Ƙofar Wambai ta Kano, da Kasuwar Barci ta Kaduna, ana samun rigunan sanyi da wandunan wasa masu ƙarko a kan kuɗi kaɗan. Ki ɗaga riga a haske ki duba hammata da wuya da zif. In kin zo gida ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki shanya a rana, ki goge kafin yaro ya sa.

Na huɗu, adana abin da ke hannu. Atamfa ba ta son jiƙo mai tsawo, ba ta son rana mai zafi. Ki juya ta bai-bai ki shanya a inuwa. Ki sa kafur a akwati, amma nesa da hannun yara, domin guba ne in sun haɗiye. Ku kuma ƙannena, da kun dawo daga makaranta ku tuɓe kayan makaranta kafin ku shiga wasa ko wanke-wanke. Ku koyi riƙe allura da zare. Maɓallin da aka mayar yau, da 'yar yagewar da aka ɗinke yau, su ne ke hana sayen sabuwar riga gobe.

Sai babbar magana, wato anko. Suna anko, biki anko, har da yaran goye. 'Yar uwa, ba ki da gashin wance, kada ki yi kitson wance. Ki je biki da abin da kike da shi, wankakke gogagge, ki kai gudummawa daidai ƙarfinki. Wadda za ta yi miki dariya ba ita za ta tsaya gaban mai bashi ba.

Amma fa duk wannan tsimi banza ne idan kuɗin ya narke a cefane. Misali, kin yi niyyar kashe Naira 30,000, sai 18,000 ta isa. To, ragowar 12,000 kada ta kwana a gida. Ki kai wa mai bashi a ranar, ki soke a littafi a gabansa. Ki fara da wanda ya fi matsa miki, ko ƙarami wanda za ki gama da shi nan da nan, don ki sami ƙarfin gwiwa. In kin kwashi adashi ma, bashi ne farko, sannan kwalliya.

Ita yarinyar nan ta dawo aji, bayan uwarta ta sayar da turmi ɗaya da ba a kai ga yankawa ba, ta rage bashin. Yaro dai tsabta yake bukata, da ƙoshi, da uwa mai kwanciyar hankali.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Sai mun sake saduwa.