Wa ke sa ido kan 'ya'yan riƙo a Kebbi?

A ƙauyuka irin su Wurogauri, a yankin Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi, ba kasafai ake kai yaron da ya rasa iyaye gidan marayu ba. Baffa, kawu ko gwaggo ne kan ɗauke shi riƙo.

Musulunci ya kwaɗaitar da kula da maraya, amma ya hana a danganta shi ga wanda ba mahaifinsa ba. Haka kuma riƙo kaɗai ba ya ba shi gadon mariƙinsa, sai dai kyauta, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta amince da wannan tsari, wato kafala. Najeriya ta kafa dokar haƙƙin yara a 2003, ita kuwa Kebbi sai a 2022 ta samar da tata.

Sai dai galibi da fatar baki ake ƙulla riƙo. Muddin babu shi a rubuce, da wuya jami'an jin daɗin jama'a su san ko yaron makaranta yake zuwa ko talla, ko kuwa dukiyar da mahaifinsa ya bari tana nan har ya mallaki hankalinsa.