Natsuwa Jari Ce: Tsakanin Saurin Fushi Da Jan Ƙafa

Duk wanda ya taɓa ratsa tashar Adjamé da tsakar rana ya san yadda zuciya ke tafasa. Ga zafi, ga cunkoso, ga yaran gbaka suna ja maka riga, ga mai saye ya taya kayan jika biyar da jika ɗaya yana dariya. Kafin a ce kwabo murya ta tashi, an taru, wani lokaci har a kai ga ofishin 'yan sanda a kan kuɗin da bai kai na kwanon garba ba. Da yamma kuma, in muka zauna hira a ƙofar masallaci a Treichville, sai ka ji mutumin nan da ya yi ta faɗa da rana yana cewa shekara biyar ke nan yana son kama shago, amma har yanzu yana dubawa tukuna.

Mun daɗe muna lura da waɗannan halaye biyu a cikinmu, gaggawa wajen fushi da jan ƙafa wajen abin da zai amfane mu. A ganinmu tushensu ɗaya ne, wato zuciya ce ke yanke hukunci kafin hankali ya iso.

Ba banza muka zama haka ba. A 1990 aka kafa dokar katin zama na baƙi, aka yi shekaru ana tare mu a hanya ana tambayar takarda, sai a 2007 aka ɗauke shi ga 'yan ƙasashen CEDEAO. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, masu sayo kaya daga waje suka wayi gari jarinsu ya rabu biyu. A 1997 gobara ta cinye babbar kasuwar Treichville. Sai rikicin da ya ɓarke a Satumban 2002, da na bayan zaɓe a 2010 zuwa 2011, lokacin da da yawa daga cikin 'yan uwa suka kwashe iyali suka koma Tawa da Maraɗi da Kano. A Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata, jita-jita ta cika unguwanni. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsoron nan yana da dalili. Abin tambaya shi ne, nawa yake ci mana a yau?

Mu ɗauki misalin takardar haihuwa. Dokar ƙasar nan ta ba da wata 3 a je ma'aikatar magajin gari a rubuta jariri. Uba ya san da haka, amma da ya tuna layi, da Faransancin da bai iya sosai ba, da yadda wani ma'aikaci ya taɓa yi masa tsawa, sai gabansa ya faɗi, ya ce gobe. Goben nan ta zama shekara goma. In yaro ya isa jarrabawar CEPE, sai a koma kotu neman hukuncin da zai maye gurbin takardar, da shaidu, da kuɗi, da zirga-zirga. Haka batun inshorar lafiya ta CMU, wadda kuɗinta jika ɗaya ne a wata ga kowane mutum, haka na sabunta katin ofishin jakadanci, haka na buɗe ajiya maimakon ɓoye kuɗi a cikin buhu a rumfa, alhali mun ga abin da wuta ke yi.

To, mene ne magani? Kakanninmu suna kiransa natsuwa. Malamai kuma suna da kalmar muraƙaba, wato mutum ya sa wa zuciyarsa ido kamar yadda mai gadi ke sa wa ƙofa ido, da muhasaba, wato yi wa kai hisabi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa waɗannan biyu littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya kwatanta mutum da ɗan kasuwa mai yin lissafi da abokin cinikinsa. Mu da ba ma rufe shago sai mun ƙirga ciniki, wannan misali bai kamata ya yi mana wuyar ganewa ba.

Likitocin zamani ma sun zo kan wannan hanya. A 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, inda ake koya wa masu fama da ciwo da damuwa yadda za su zauna shiru su lura da numfashinsu da abin da ke zuwa musu a rai ba tare da sun bi shi ba. Shirin ya yaɗu zuwa asibitoci a ƙasashe da dama. Bayanin masana a kan jiki mai sauƙi ne. In an ɓata wa mutum rai ko ya tsorata, jiki yana sakin wani sinadari mai suna adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tsoka ta ɗaure. A wannan hali jiki ya shirya wa faɗa ne ko gudu, shi ya sa ɗaya ke zagi, ɗaya kuma ke fasa zuwa ofis. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo, yana rage bugun zuciya, tunani ya samu wurin shiga.

Mun san tun muna makarantar allo an hore mu cewa mai fushi ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ya nemi tsari, ya yi alwala. Duk waɗannan suna sanya tazara tsakanin abin da aka yi maka da abin da za ka mayar. Abin da ya rage shi ne mu fito da karatun daga zaure mu kai shi kasuwa.

Ga yadda muke ganin za a fara. Na farko, ka san alamarka: wani kunnensa ne ke zafi, wani hannunsa ke rawa, wani cikinsa ke murɗawa. Na biyu, da ka ji ta, ka ja numfashi sau uku kafin ka buɗe baki, ka faɗa wa kanka sunan abin, ka ce wannan fushi ne, ko wannan tsoro ne. Na uku, bayan sallar asuba ka ƙara minti 5 a zaune ba waya a hannu. In tunanin bashi ko na haya ya ɗauke ka, ka dawo da hankalinka ba tare da ka zargi kanka ba. Na huɗu, da dare, bayan lissafin ciniki, ka tambayi kanka ina ka yi gaggawa yau, ina kuma ka ja ƙafa.

Game da burin da ya daɗe a rai kuwa, a rage masa girma. Mai son shago kada ya fara da tunanin miliyoyi, ya fara da zuwa ya tambayi kuɗin haya da na patanti. Mai jin nauyin Faransanci ya tafi da ɗansa ɗan lakwal ko da wani daga wajen sarkin Hausawan unguwa. Mace mai son ƙara jari ta shiga adashi da waɗanda ta yarda da amanarsu. A yi shawara, a yi istihara, sannan a sa rana, domin shawarar da ba ta da rana hira ce kawai. Wanda kuwa damuwa ta hana shi barci da cin abinci makonni, ya je asibiti, ba abin kunya ba ne.

Mu tuna da garba. Acheke da soyayyen kifin tuna, abincin da yau ɗalibi da direba da ma'aikaci ke layi a kansa a ko'ina cikin Abijan, ana danganta sunansa da 'yan uwanmu na Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. Su ma baƙi ne, su ma sun san faɗuwar gaba, amma suka kafa tebur suka hura wuta. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne, sai dai zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Saboda haka, 'yan uwa, kafin fitowa ta gaba kowa ya zaɓi abu ɗaya da ya daɗe yana ce wa gobe, ya sa masa rana a cikin wannan wata. Allah ya ba mu natsuwa, ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da ƙasar nan da ƙasashenmu lafiya.